Ku Sauke Jarumanku Daga Jirgin Dubai

'Yan uwa marubuta, na gaji da labaran da ango ke kwasar amarya zuwa Dubai, Landan ko Faris cin amarci. Sai ka karanta shafi goma, ba ka ga komai ba sai otal, siyayya da "haɗaɗɗen wuri". Dalili a fili yake: mai alƙalamin bai taɓa taka garin ba, a fim ya gan shi.

Alhali ga Togo nan kusa, mota ce ke kai mutum, kuma ɗan Najeriya ba ya buƙatar biza. Gaɓar tekunta ba ta kai kilomita 60 ba, amma cike take da labari. Lome, babban birnin, manne yake da iyakar Gana. A babbar kasuwarsa ne matan da ake kira Nana Benz suka yi arziki da atamfa har suka hau Marsandi. Gabas kaɗan akwai Agbodrafo, inda gidan da aka riƙa ɓoye bayi a ƙarƙashin ƙasa yake tsaye har yau. Gaba kuma ga Aneho, hedikwatar Jamusawa har zuwa 1897. A Zangon Lome kuwa, da Hausa za ka yi ciniki.

Wasu za su ce masu karatu daula suke so. Mu muka saba musu da ita. Ku nuna musu masunta suna jan taru da asuba a bakin teku, ku ga ko za su ajiye littafin.

Mai hali ya tara kuɗin mota, ya je ya gani da idonsa. Wanda ba shi da hali ya rubuta garinsu, ya fi masa Dubai ta aro.