Ina Farashin Man Fetur Zai Tsaya?

Duk lokacin da sanyi ya ja baya, bazara ta kunno kai, akwai tambaya guda da kan mamaye hira a ofisoshin gwamnati na Birnin Kebbi, da tashoshin mota na Gwandu da Kalgo, da rumfunan kasuwar Dodoru: shin nawa za a sayi litar man fetur kafin ruwa ya sauka? Kowa da tasa amsar. Wani ya ce daga bakin direban tanka ya ji, wani ya ce a wayarsa ya gani, wani kuwa ya rantse cewa wani babba ne ya tsegunta masa. Gaskiyar magana ita ce babu mahalukin da ya san wannan adadi. Duk wanda ya faɗe shi da ƙarfin gwiwa, ko dai yana ruɗin kansa ne, ko kuwa yana da man da yake so ya sayar da tsada.

Tambayar kuwa ba ta wasa ba ce a wannan yanki. A cikin watannin rani ne manoman fadama ke dogara da injin ban ruwa domin shinkafa da albasa da tattasai, kuma mafi yawan injunan nan fetur suke sha. Tun da aka ƙaddamar da shirin bai wa manoman shinkafa rance a Birnin Kebbi cikin watan Nuwamba na 2015, noman rani ya ƙara bunƙasa a Jihar, ita ma bukatar mai ta ƙaru tare da shi. Manomi yakan yanke shawarar faɗin da zai shuka tun watanni uku ko huɗu kafin girbi. Idan mai ya tashi a tsakiyar aiki, ba shi da zaɓi sai ya ci bashi ko ya bar gona ta bushe. Haka nan ɗan kabu-kabu, da mai ɗauko hatsi zuwa kasuwa, da ma'aikacin da ke zuwa ofis a kan babur, da ɗalibin da ke shiga mota zuwa makaranta.

A da can, sanin farashi bai bukaci duba ko hasashe ba, gama gwamnati ce ke yanke shi ta sanar a rediyo. A cikin 1978 gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta kai lita kwabo 15.3. A 1982, zamanin Alhaji Shehu Shagari, ta koma kwabo 20, a 1986 kuma gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta mai da ita kwabo 39.5. Ranar 1 ga Janairu, 2012, aka ɗaga ta daga Naira 65 zuwa 141, sai da aka yi yajin aiki na ƙasa baki ɗaya sannan aka sauko zuwa Naira 97. A watan Mayu na 2016 ta zama Naira 145. Kowane ƙari daga cikin waɗannan ya zo da kuka, amma da zarar an yi shi, farashin kan zauna wuri ɗaya shekara da shekaru, mai gida ya san inda zai ɗora lissafinsa.

Wancan zamani ya ƙare ranar 29 ga Mayu, 2023, sa'ad da Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya bayyana a jawabinsa na kama mulki cewa an janye tallafin mai. Cikin 'yan kwanaki litar da ba ta kai Naira 200 ba ta haura Naira 500 a yawancin jihohin Arewa. A watan Yuli na shekarar ta kai Naira 617 a gidajen man Kamfanin Mai na Ƙasa a Abuja, a Satumba 2024 ta kai 897, a Oktoba kuma 1,030. Sai ga shi a watan Maris na 2025 ta sauko ƙasa da Naira 900 a Legas da Abuja. Watau farashin ya zama abu mai hawa da sauka, kamar na gero da wake.

Ma'aikaci ya fi kowa sanin nauyin wannan canji. A 1981 mafi ƙarancin albashi Naira 125 ne, abin da zai sayi lita fiye da 800. A 2019 Naira 30,000 kan sayi kimanin lita 206. Da Gwamnatin Jihar Kebbi ta amince da Naira 75,000 a watan Oktoba na 2024, ko da farashin Abuja aka yi lissafi, lita 73 ba ta cika ba.

To, in har ba a iya faɗin adadi, ana iya sanin abubuwan da ke juya shi, kuma sanin su ya fi sauraron ji-ta-ji-ta amfani. Abu na farko shi ne kuɗin ɗanyen mai a kasuwar duniya. Ganga ɗaya tana cin lita 159, da Dalar Amurka kuma ake yi mata kuɗi. Alal misali, idan ganga ta ƙaru da Dala 10 alhali ana canjin Dala a kan Naira 1,500, kowace lita ta ƙaru ke nan da wajen Naira 94 tun ba a tace ta ba.

Na biyu shi ne darajar Naira. Kafin watan Yuni na 2023 Dala tana wajen Naira 460 a farashin gwamnati, amma a farkon 2024 ta wuce Naira 1,500. Wannan faɗuwa ita ce ta fi cin aljihun jama'a a wancan lokaci, ba tsadar gangar mai ba. Matatar Ɗangote da ke Legas, wadda aka gina domin tace ganga 650,000 a kowace rana, ta fara fitar da fetur a Satumba 2024, aka kuma soma sayar mata da ɗanyen mai da Naira daga Oktoba. Wannan ya rage dogaro da man ƙetare, ya kuma kawo gasa tsakanin 'yan kasuwa, amma kuɗin gangar har yanzu da ma'aunin kasuwar duniya ake auna shi.

Na uku shi ne nisa, kuma nan ne Kebbi ta bambanta da Legas. An buɗe matatar Kaduna a 1980, aka ja bututu zuwa ma'ajiyar mai ta Gusau domin wadata wannan shiyya. Matatar ta shafe shekaru da yawa a tsaye, aka koma dogaro da tankokin da ke tasowa daga bakin teku, su bi ta Ibadan, Ilori, Jebba, Mokwa, Kontagora, Yawuri da Jega, tafiyar da ta haura kilomita 700. Asusun daidaita farashi da aka kafa a 1975 shi ne ke biyan kuɗin wannan dako domin a sayi mai kuɗi ɗaya ko'ina a ƙasa. Da aka sakar wa kasuwa mara, dakon ya koma wuyan mai saye. Duk abin da ya sami hanyar kuwa, kamar ambaliyar Mokwa ta watan Mayu na 2025, sai an ji shi a famfo. Mutumin ƙauyen da ba shi da gidan mai kusa, wanda ke saye a kwalba wurin 'yan bumburutu, shi ne ke biyan ƙari a kan ƙari.

Na huɗu shi ne iyaka. Jihar Kebbi tana maƙwabtaka da Jamhuriyar Nijar da ta Benin. A zamanin tallafi, fasa-ƙwaurin mai ya yi ƙamari har Hukumar Kwastan ta hana kai mai gidajen da ke cikin kilomita 20 daga kan iyaka a watan Nuwamba na 2019. Janye tallafi ya rage ribar wannan sana'a, amma duk sa'ad da mai ya yi ƙaranci a maƙwabta, kamar yadda aka ga dogayen layuka a Yamai cikin watan Maris na 2025, jarkoki kan sake kama hanya.

Ba a nan kaɗai hasashe ke cin tura ba. A Amurka, inda jama'a kan yawaita tafiye-tafiye a watannin zafi, masana kan fito da ƙiyasinsu kowace shekara, amma yaƙin Rasha da Yukren ya rushe lissafin 2022, galan ya haura Dala 5 a watan Yuni. A watan Yuli na 2008 gangar mai ta kai Dala 147, ana ta cewa za ta ƙara sama, kafin ƙarshen shekarar ta faɗo ƙasa da Dala 40. A 2020 annobar korona ta karya kasuwar har Nijeriya ta rage lita daga Naira 145 zuwa 125. In masu manyan ofisoshi da na'urori sun kasa hango waɗannan, ina ga mai ba da labari a tasha?

Illar hasashen banza ita ce yakan haifar da abin da ya faɗa. Da an ce mai zai tashi jibi, sai wasu gidajen mai su rufe ƙofa su ce ya ƙare, jama'a su yi rububin cika jarkoki, direbobi su ƙara kuɗin mota tun ƙarin bai zo ba. In kuwa farashin ya sauka, ba a cika ganin kuɗin mota ya biyo shi ba. Ga kuma haɗarin ajiye fetur a cikin gida lokacin da rana ke ƙuna, inda tartsatsi ɗaya ya isa ya cinye unguwa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, tsagar nan kuwa ita ce rashin sahihin bayani.

Saboda haka, ya kamata hukumar kula da rarraba mai, wadda Dokar Masana'antar Man Fetur ta 2021 ta kafa, ta riƙa bayyana kowane mako kuɗin da ake ɗauko lita a ma'ajiya da abin da dako ke ci zuwa Birnin Kebbi, a karanta a gidan rediyon Jiha da Hausa. Wanda ya san asalin kuɗin kaya ba a cika cutarsa ba. Lalle ne kuma masu duba ma'auni su riƙa leƙa famfunan ƙananan garuruwa, ba na babban birni kaɗai ba, gama tauye lita shi ma ƙarin farashi ne a ɓoye.

Ita kuwa Gwamnatin Jiha, rabon injunan ban ruwa masu aiki da hasken rana da ta soma abin yabo ne, gama ranar da ke ƙona manomi a bazara ita ce za ta ɗago masa ruwa. Sai dai a tabbata sun isa hannun masu gona na ainihi, a kuma horar da matasa gyaransu, kada su zama tarin ƙarfe bayan shekara biyu. Ƙananan Hukumomin Gwandu da Kalgo su ma suna iya zama da shugabannin direbobi a yi yarjejeniya cewa kuɗin mota zai bi farashin mai in ya hau, ya kuma bi shi in ya sauka.

Ɗaliban Jami'ar Tarayya da ke Kalgo da na jami'ar Jiha da ke Aliero suna da aikin yi a nan. Rubuta kuɗin lita, da na mota, da na mudun gero a kasuwar Dodoru kowane mako ba ya bukatar kuɗi mai yawa, amma bayan shekara guda zai zama hujjar da hukuma za ta iya aiki da ita. Ma'aikaci kuma, wanda 'yan'uwa a ƙauye ke ɗaukar maganarsa da muhimmanci, ya guji yaɗa adadin da bai san tushensa ba. Ya tsara kasafin gidansa da ragowar da za ta ɗauki ƙari in ya zo. In bai zo ba, riba ce.

Babu mai iya cewa ga inda farashin mai zai tsaya a bazarar bana. Abin da ke hannun hukuma da jama'a shi ne shirin da zai sa ko ya hau, gonar rani ba za ta bushe ba, ɗalibi kuma ba zai fasa zuwa aji ba. Rigakafi, in ji masu iya magana, ya fi magani.