ZAUREN IYALI: Rigar Sanyin Abba

Yau dai ba wasiƙar kowa zan amsa ba, kaina zan kawo ƙara gabanku, don an ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Ran Asabar ɗin da ta wuce Maigida ya cika alkawarin da ya daɗe yana yi wa yara na kai su buɗe ido cikin birnin Kano. Tun asuba na tashi, na dafa shayi na cika fulas, na soya ƙwai, na shafe Ummi da Auta da basilin har suna ƙyalli, na sa musu suwaita da safa da hular sanyi. Abba kuwa, ɗan Maigida da uwarsa ta fita ta bar mini shi yana shekara 3, yanzu yana da 8, sai na ce masa, "Kai Abba, yi maza ka shirya." Ya shirya ɗin kuwa, ya sa yadinsa na Sallah ya shige mota.

Da Dutsen Dala muka fara. Muna hawa matakala Maigida yana ba su labarin Barbushe da Tsumburbura, da yadda mutanen farko suka zauna a gindin dutsen nan kafin Kano ta zama Kano. Da muka kai sama, hazo ya lulluɓe gari, Goron Dutse ma da ƙyar muke hango shi. Iska kuwa, wayyo Allah! Jaura ce mai shiga ƙashi. Na ja Auta jikina, na ƙara gyara wa Ummi hula.

Can sai na ji Maigida ya yi shiru. Na waiga, sai na ga Abba tsugune a bayan wani dutse, ya cusa hannuwa a hammata, haƙoransa na kaɗawa, leɓensa ya bushe har ya tsage. Wallahi 'yan'uwa, yaron nan bai ce uffan ba tun daga gida.

Maigida bai yi mini faɗa ba, da ma faɗan ya yi da ya fi mini sauƙi. Babbar rigarsa kawai ya cire ya naɗe yaron, ya dube ni ya ce, "Hajiya, 'ya'ya nawa muka fito da su?"

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ni da nake cika baki a unguwa cewa ban taɓa dukan Abba ba, ban taɓa hana shi abinci ba! Ashe riƙo ba a tuwo kaɗai yake ba. Na durƙusa na ce, "Abba, me ya sa ba ka gaya mini kana jin sanyi ba?" Ya sunkuyar da kai ya ce, "Anti, rigata ta bara ta yi mini kaɗan, na ga kina ta aiki." Nan hawaye suka zubo mini. Na zuba masa shayi, na lakato basilin na shafa masa a baki da hannu.

Muna saukowa na ce sai an biya kasuwa, kuma da kuɗin adashina na saya masa suwaita da hula. Daga nan muka wuce Gidan Makama, gidan da Sarki Muhammadu Rumfa ya zauna kafin ya hau gadon sarauta a 1463. Abba, wanda ɗazu ko magana ba ya iyawa, shi ne ya riƙa jan hannuna yana nuna mini tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari da hotunan sarakuna. A marinar Ƙofar Mata, wadda ake cewa tun 1498 ake rini a cikinta, har tambayar marina ya yi ko hannunsu yana wankuwa. Muka ƙare a Gidan Zu da rana ta ɗan buɗe, Auta na ta ihu ta ga jimina.

To 'yan'uwa, ga abin da na koyo. In za a fita da yara lokacin hunturu, a bari hantsi ya dubi ludayi, musamman in za a hau wuri mai tudu. A tafi da ruwan ɗumi da man shafawa, a rufe musu ƙirji da kunne, mai asma kuwa a riƙe maganinsa a jaka saboda ƙura. Amma abin da ya fi duka: ki ƙirga yaran gidanki da zuciya ɗaya. Ɗan da uwarsa ba ta gidan ba ya iya roƙo, sai dai ya yi shiru, ke ce za ki duba. Ba ki san wanda zai ji ƙanki gobe ba, kuma amana ce Allah zai tambaya.

Ku ma iyayen gida, ku riƙa fita da iyali. Da muna zaune a gida, da har yau ban gane kuskurena ba.

Da daddare ina jin Abba yana gaya wa Ummi, "Tawa ta fi taki laushi, Anti ce ta zaɓar mini." Maigida ya dube ni ya yi murmushi, ni kuwa na sunkuyar da kai.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu. A ci gaba da aiko da wasiƙu.

Taku har kullum,
Uwar Zaure