Mu Karanta Abin Da Ganau Suka Rubuta

A rumfunanmu, daga Tamale zuwa Paga da Tatale, da ciniki ya lafa sai a shiga hirar yaƙe-yaƙen addini na da, galibi abin da aka jiyo a waya. Masu ba da labarin suna ƙirga nasara, ba sa ƙirga gawa. Shawararmu ita ce mu bar jiyau, mu nemi ganau.

Mu fara da Rihlar Ibn Jubair, mutumin Andalus da ya ratsa Sham a 1184, lokacin da Salahuddin ke gwabzawa da Turawa 'yan Salibiyya. Ya ga ayarin Musulmi na tashi daga Dimashƙa zuwa Akka da ke hannun Kirista, su biya kuɗin fito su wuce lafiya, fataken Kirista ma haka a ƙasar Musulmi. Sojoji na faɗa, fatake na kai da kawowa.

Sai Kitabul I'tibar na Usama ibn Munƙiz, jarumin da ya yaƙi Turawan da hannunsa. Ya ba da labarin yadda wani baƙon Bature ya takura masa yana salla a Ƙudus, Turawan da suka daɗe a ƙasar suka fitar da shi, suka ba Usama haƙuri.

A gida kuwa akwai Infaƙul Maisur na Muhammadu Bello, wanda ya rubuta a 1812, an kuma fassara shi da Hausa. Bello ya halarci yaƙoƙin jihadin Shehu Usmanu, bai ɓoye asarar da jama'arsa suka yi a Tsuntsuwa ba. Har wasiƙar Shehu al-Kanemi na Borno, mai tuhumar su da yaƙar Musulmi, ya sa a ciki, sannan ya ba da amsa. Tazyinul Waraƙat na Abdullahi ɗan Fodiyo ya nuna yadda son ganima da mulki suka sa shi barin runduna ya nufi Kano.

Mu 'yan kasuwa mun san kuɗin fitina. Yaƙin Salaga na 1892 na sarauta ne, amma ya watsa kakanninmu fataken goro zuwa Kete Krachi da sauran garuruwa, kasuwar ba ta sake komawa yadda take ba.

Saboda haka mu roƙi malamanmu na zango su riƙa karanta mana littattafan nan, samarinmu na zaune. Duk wanda ya zo yana zuga su da labarin takobi, mu tambaye shi wane ganau ya karanta. Allah Ya zaunar da mu lafiya.