Takin Feshi A Ganye Ba Zai Ɗauke Wa Ƙasa Nauyinta Ba

Duk wanda ya zagaya lambunan da ke bakin Kogin Kano, ko fadamun Zariya da na Sakkwato a lokacin rani, zai lura da cewa injin feshin da ake goyawa a baya ya zama kayan aiki na yau da kullum, kamar yadda fartanya da garma suke tun kaka da kakanni. A da, maganin ƙwari da maganin ciyawa ake zubawa a cikinsa. Yanzu kuwa an ƙara masa wani aiki, wato fesa taki a kan ganyen shuka. Shagunan sayar da kayan noma cike suke da kwalabe da ƙananan leda masu ɗauke da hotunan jajayen tumatir da manyan albasa, kuma akwai masu sayarwa da ke gaya wa manomi cewa kwalba ɗaya za ta ishe shi, ba sai ya sayi buhun taki ba. Wannan magana ita ce ya kamata a tsaya a auna ta da kyau, domin kuɗin talaka da lafiyar ƙasar noma ne ke kan sikeli.

Ba abin mamaki ba ne idan manomi ya saurari irin wannan magana. Farashin takin zamani ya tashi ƙwarai a kasuwannin duniya tun daga 2021, ya kuma ƙara hawa bayan ɓarkewar yaƙi tsakanin Rasha da Yukren a watan Fabrairu na 2022, kasancewar Rasha tana cikin manyan masu fitar da taki. Janye tallafin man fetur a Nijeriya a 2023 ya ƙara tsadar ban ruwa da inji da kuma ta dakon kaya zuwa kasuwa. Mutumin da ya ga buhun yuriya ya gagare shi, aka kuma nuna masa wata ƴar kwalba mai sauƙin kuɗi, da wuya ya kau da kai. Amma Hausawa sun ce araha ba ta ado.

Da farko dai ya wajaba a faɗi gaskiya cewa ciyar da shuka ta ganye ba yaudara ba ce, ilimi ne tabbatacce mai tsohon tarihi. Wajen shekarar 1844 wani masani ɗan ƙasar Faransa, Eusèbe Gris, ya nuna cewa idan aka shafa wa ganyen da ya yi ɗorawa ruwan gishirin ƙarfe, launinsa na kore yakan dawo. Bayan fiye da shekara ɗari, a shekarun 1950, masu bincike a jami'ar Jihar Michigan ta Amurka, musamman H. B. Tukey da S. H. Wittwer, sun yi amfani da sinadarai masu fitar da haske na musamman da na'ura ke iya bin sawunsa, suka tabbatar da cewa abin da aka fesa a ganye yana shiga cikin jikin shuka har ya kai wasu sassanta. Ganye yana da siririyar fata mai kama da kakin zuma, yana kuma da ƙananan ƙofofi na numfashi, akasarinsu a bayansa, kuma ta waɗannan hanyoyi ne narkakken taki yake samun shiga.

Sai dai tambayar da ta dace ita ce, nawa ne ganye zai iya ɗauka? A nan ne lissafi yake raba gardama, kuma lissafi ne wanda kowane ɗalibin sakandare zai iya yi a bayan littafinsa. Takin yuriya yana ɗauke da naitirojin kashi 46 cikin ɗari, wato buhu mai kilo 50 yana da kilo 23 na naitirojin. Ganyen yawancin kayan lambu ba ya jure ruwan yuriya mai ƙarfi. Abin da aka saba haɗawa shi ne kimanin kashi ɗaya cikin ɗari, wato giram 10 a kowace lita ta ruwa, ko giram 160 a injin feshi mai cin lita 16. Idan aka fesa lita 200 a hekta guda, an yi amfani da kilo 2 na yuriya ke nan, wanda naitirojin ɗin da ke cikinsa bai cika kilo ɗaya ba. To, shawarar da masana aikin gona suka daɗe suna bayarwa ga masu noman masara a yankin Zariya da makamantansa ita ce kilo 120 na naitirojin a hekta, kuma bukatar tumatir ba ta yi nisa da wannan ba. Wanda yake son ya cika wannan adadi ta hanyar feshi kaɗai, sai ya goya inji kusan sau 130 kafin girbi, alhali shukar ma ba za ta kai kwana 130 a gona ba.

Mai gardama zai iya cewa ai takin da ake zubawa a ƙasa ma ba dukkansa shuka take ci ba, wani ruwa ya wanke shi, wani ya bi iska. Wannan haka yake, domin sau da yawa abin da shuka take amfana da shi bai wuce rabi ba. Amma ko da an raba wancan adadi biyu, feshi 65 ya rage, kuma babu mai lambun da yake da wannan lokaci ko ƙarfin kafaɗa. Idan kuwa aka ce bari a ƙara ƙarfin haɗin don a rage yawan feshi, sai ganye ya ƙone tun daga bakinsa, a wayi gari an yi asarar taki da shuka baki ɗaya. Manyan abubuwa uku da ke cikin takin kamfa, wato naitirojin da fosfaras da fotashiyam, shuka tana bukatarsu da yawa, kuma saiwa ce Allah ya halitta domin ɗaukar su.

To, a ina feshin ganye yake da amfani na haƙiƙa? Amfaninsa yana ga sinadaran da shuka take bukata ƙalilan, kamar ƙarfe da zinki da boron da manganis, waɗanda ɗan abin da ya shiga ta ganye ma yakan isa. A ƙasa mai kanwa, ko inda ruwan ban ruwa ya daɗe yana tara gishiri, ƙarfe yana nan a cikin ƙasa amma ya ɗaure, saiwa ba ta iya jawo shi. Alamar haka ita ce sababbin ganyen da ke can sama su yi ɗorawa alhali jijiyoyinsu suna nan kore. A irin wannan hali, zuba ƙarin taki a gindi ɓarnar kuɗi ce, feshi kuwa yakan nuna sakamako cikin ƴan kwanaki. Haka kuma idan ruwa ya kwanta a fadama har saiwa ta kasa numfashi, ko dashe ya sha wahala bayan an ciro shi daga reno, feshi mai sauƙi yakan riƙe shuka kafin saiwa ta farfaɗo. Matsayinsa kamar na ƙarin ruwa ne da likita yake yi wa majiyyaci, wanda yake ceton rai a lokacin larura, amma ba a taɓa jin an sallami mutum daga asibiti aka ce ya rayu da shi maimakon tuwo ba.

Akwai kuma inda ake fesawa a banza saboda rashin sani. Masu noman tumatir da tattasai sun san baƙin ruɓan nan da ke kama ƙasan ɗan tumatir tun yana ɗanye. Dalilinsa ƙarancin kalshiyam ne a cikin ɗan, shi ya sa ake sayar wa manoma ruwan kalshiyam su fesa a ganye. Amma kalshiyam sinadari ne da idan ya zauna a ganye ba ya sake tashi ya koma cikin ɗa. Yana tafiya ne tare da ruwan da saiwa take jawowa daga ƙasa. Yawanci abin da ke haddasa ruɓan shi ne rashin daidaiton ban ruwa, yau a cika, gobe da jibi a bari ƙasa ta bushe ƙayau. Maganinsa shi ne a tsayar da lokacin ban ruwa, a kuma rufe gindin shuka da ciyawa don ta riƙe laima. Wanda ya yi haka ya tsira da kuɗin kwalbarsa.

Wanda kuma ya tabbatar shukarsa tana bukatar feshi, akwai ƙa'idojin da bai kamata ya tsallake ba. A yi feshi da sanyin safiya ko da yamma liƙis, domin a tsakar rana ruwan yakan bushe nan da nan ya bar gishiri a kan ganye ya ƙone shi. Kada a yi a ranar da iskar hunturu take kaɗawa da ƙarfi, ko lokacin da hadari ya haɗo. A ba shuka ruwa tukuna, kada a fesa wa wadda ta yi yaushi saboda ƙishi. A karkata bakin inji don ruwan ya taɓa bayan ganye. A bi ma'aunin da aka rubuta ba tare da ƙari ba, musamman ga boron, wanda tazarar da ke tsakanin isarsa da zamansa guba ƴar kaɗan ce. A gwada a kan kunya ɗaya, a jira kwana biyu ko uku kafin a bi sauran lambun. Ganyen albasa da na kabeji suna da santsi, ruwa yakan zame ya faɗi ƙasa, don haka abin da suke samu daga feshi bai kai na tumatir ba sai an haɗa da abin da zai sa ruwan ya manne. Injin da aka zuba masa maganin ciyawa kuwa, gara a keɓe shi, domin ɗan abin da ya rage a cikinsa ya isa ya lanƙwashe ganyen tumatir na lambu guda.

Akwai wani gargaɗi da ya shafi lafiyar jama'a kai tsaye. Wasu sukan jiƙa kashin shanu ko na kaji a cikin durum su tace ruwan su fesa a ganye, suna ganin sun sami taki kyauta. Zuba irin wannan ruwa a gindin shuka abu ne daban, amma fesa shi a kan salak da kabeji da sauran ganyen da ake ci ɗanye hanya ce ta kai ƙwayoyin cutar gudawa har cikin kwanon mai saye. Mai lambu amana ce a hannunsa, tun da shi ba ya ganin yaran da za su ci abin da ya tsinko.

Babban abin tsoro a cikin wannan al'amari shi ne a manta da ƙasa. Ƙasar noma ta yawancin arewacin Nijeriya mai rairayi ce, ba ta da yalwar ruɓaɓɓen ganye da ke riƙe ruwa da taki, kuma abin da ya riƙe gonakin karkarar Kano shekara da shekaru ana noma su ba hutu shi ne takin gargajiya da ake kai musu a kan jakuna, da tokar murhu, da kashin dabbobi, da haɗa hatsi da wake ko gyaɗa a gona ɗaya. Lambun da aka shekara uku ana fesa wa ganyensa taki ana girbe amfaninsa, ba a mayar wa ƙasarsa komai ba, zai gaji, kuma gyaran gajiyayyar ƙasa ya fi sayen taki tsada. Shugabannin Afirka da suka taru a Abuja a 2006 sun lura cewa abin da manomin nahiyar yake zubawa bai wuce kilo 8 a hekta ba, suka ɗauki alkawarin kai shi kilo 50 kafin 2015. Da suka sake taruwa a Nairobi a 2024, sai suka haɗa batun taki da batun lafiyar ƙasa a wuri guda, wanda yake nuna an gane cewa ɗaya ba ya tafiya sai da ɗaya.

Nauyin gyara yana kan mutane da dama. Malaman gona na jihohi su ne ya kamata su riga mai shago isa wurin manomi, su koya masa bambanta ganyen da yunwa ta kama da wanda ƙwari ko cuta ta kama, domin ba kowace ɗorawa ce taki yake warkarwa ba. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, wadda take ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello tun 1962, da sauran jami'o'in da ke da ɗakunan gwajin ƙasa, ya dace su sauƙaƙa wa ƙungiyoyin masu lambu hanyar kai samfurin ƙasarsu a auna. Hukumomin da aka ɗora wa aiwatar da dokar kula da ingancin taki ta 2019 su tabbatar da cewa abin da aka rubuta a jikin kwalba shi ne a cikinta, kuma a tilasta rubuta ma'auni da gargaɗi da Hausa, da boko da ajami, tun da ba Turanci yawancin masu sayen suke karantawa ba.

Ma'aikatan gwamnati da ke da ɗan lambu a bayan gida, da ɗaliban da ke da gonar makaranta, su ma suna da rawar da za su taka. Tun zamanin shirin ciyar da ƙasa na 1976 ake kira gare su da su riƙi fartanya, kuma su ne suke da ilimin rubuta abin da suka gani. Ba wani abu mai wuya ba ne a ja kunya uku na tumatir, a ba ta farko takin gargajiya da na zamani a gindi, a ba ta biyu feshi kaɗai, a haɗa wa ta uku duka biyun, sannan a auna abin da kowacce ta bayar da kwando ɗaya, a rubuta kuɗin da aka kashe. Ɗalibin da ya koma ƙauye hutu da irin wannan takarda a aljihu, ya zauna da mahaifinsa suka duba ta tare kafin lokacin dashe, ya yi wa gidansu hidimar da ta fi sayo kwalba goma.