Kuɗin da ke ɓacewa cikin wayar salula: mi ke cinye su, kuma yaya za ka tsare kanka?

Ya kai mai karatu, ko ka taɓa sa kuɗi cikin wayarka da marece, ka kwana ba ka kira kowa ba, da safe ka tarar sun ragu? Idan hakan ta taɓa samunka, to ka sani abu ne da ke samun mutane da yawa. A cibiyoyin yaƙi da jahilci da nake zagayawa, da wuya in zauna da ɗalibai ba a kawo wannan kuka ba. Wasu su ce kamfani ne ɓarawo, wasu su ce yaran gida ne, wasu kuma su yi shiru don kunya. Wannan darasi zai bayyana maka inda kuɗin ke tafiya, da wanda ke amfana, da abin da ya kamata ka yi.

Daga ina matsalar ta taso?

Wayar salula ta fara yaɗuwa a Nijar daga shekarar 2001, lokacin da kamfanin Celtel ya soma aiki. Shi ne ya koma Zain a 2008, sannan Airtel a 2010. A yau akwai kamfanoni huɗu: Airtel, Moov Africa, Zamani Telecom wanda ya gaji Orange bayan an sayar da shi a 2019, da Niger Telecoms wanda aka kafa a 2016 bayan an haɗe Sonitel da SahelCom.

Da farko kira kawai ake yi da waya. Daga baya ta zama jakar kuɗi. A shekarar 2010, lokacin ƙarancin abinci, ƙungiyar Concern ta aika ma iyalai tallafi ta waya a wasu ƙauyukan jihar Tawa. Yanzu ɗan ci-rani da ke Abijan ko Legas yana aiko ma mahaifiyarsa kuɗi, saƙo ya shigo wayarta, ta je ta karɓa. Wannan ci gaba ne babba. Amma duk inda kuɗi suka taru, ɓarawo yana biyo sawu.

Akwai kuma wata matsala ta harshe. A watan Maris na 2025 dokar ƙoli ta sake gina ƙasa ta mai da Hausa harshen ƙasa, amma yawancin saƙonnin da ke shigowa waya da Faransanci suke zuwa. Mutumin da ya koyi karatu da Hausa, ko wanda bai koya ba sam, sai ya danna maɓalli don kawai rubutun ya gushe daga fuskar waya. A wannan dannawa ɗaya ake cin mutane da yawa.

Hanyoyi uku da kuɗi ke fita

Ya kamata ka bambanta su, domin kowace da maganinta.

Hanya ta farko ita ce rajistar da ka shiga ba da saninka ba. Kamfanonin waya, tare da wasu ƴan kasuwa da ke aiki da su, suna sayar da ƙananan hidimomi: waƙar da mai kiranka ke ji kafin ka ɗauka, labarin ƙwallon ƙafa, wasan tambayoyi, addu'o'i, ko shawarwarin lafiya. Saƙo ya zo ya ce ka danna 1. Wani lokaci ranakun farko kyauta ne. Bayan sun wuce, sai a fara cire kuɗi kowace rana ko kowane mako, kuma rajistar tana sabunta kanta har ranar da ka tsayar da ita. Idan babu kuɗi cikin wayar, sau da yawa ana jira ne: ranar da ka sa, a cire.

Hanya ta biyu ita ce zamba tsantsa. Wannan aikin ɓarayi ne da ke fakewa da sunan kamfani, ko banki, ko ƙungiyar agaji.

Hanya ta uku ba sata ba ce. Idan wayarka mai intanet ce, kuma kuɗin intanet da ka saya sun ƙare ba ka rufe ba, waya na iya ci gaba da cin kuɗin kira. Haka nan idan ka ci bashin kira daga kamfani, ranar da ka sa kuɗi za a cire bashin tare da ɗan abin da ke kansa. Kafin ka zargi kowa, fara duba waɗannan biyun.

Mu yi lissafi

Ɗauki kaye da bik. A ce ana cire maka sefa 50, wato dala goma, kowace rana. Cikin kwana 30 an cire sefa 1.500, wato jika ɗaya da rabi. Cikin kwana 365 an cire sefa 18.250. Idan rajista biyu ce a wayar, kuɗin sun zama sefa 36.500. Ka tambayi kanka: tiya nawa ta hatsi wannan kuɗi zai saya a lokacin kaka? Da yayyafi kogi kan cika.

A nan dabarar take. Ba wanda zai biya kuɗin mota daga ƙauye zuwa Maraɗi ko Damagaram don ya yi ƙarar dala goma. Mai cirewa ya san da haka. Dala goma daga mutum ɗaya ba komi ba ce, amma dala goma daga mutum dubu goma a rana guda ta zama sefa 500.000. Shirunmu shi ne ribarsu.

Na ga misalin wannan a wata cibiyar mata. Wata ɗaliba mai sayar da ƙuli-ƙuli ta yi watanni tana faɗa da ɗanta, tana cewa shi ke cinye mata kuɗin waya da dare. Ranar da muke koyon karanta saƙo, ta buɗe wayarta a gaban aji. Muka tarar da saƙonni masu yawa iri ɗaya, kowane yana sanar da ita an sabunta rajistar wasan tambayoyi. Ba ta taɓa yin wasan ba. Muka kira masu kula da abokan ciniki, aka tsayar. Kuɗin da suka tafi ba su dawo ba. Abin da ya fi damunta shi ne yaron da ta zarga ba da haƙƙinsa ba.

Dabarun ƴan zamba

1. Saƙon cin kyauta. Za a ce ka ci mota, ko babur, ko miliyan, amma sai ka fara aika kuɗin takardu. Ka tuna: wanda bai shiga gasa ba, ba ya cin gasa. Kuma kyautar da sai ka biya kafin a ba ka, ciniki ne na ƙarya.

2. Saƙon kuskure. Saƙo ya shigo kamar an aiko maka kuɗi. Nan take wani ya kira yana roƙo, har da kuka, cewa kuskure ya yi, ka mayar masa don Allah. Saƙon na jabu ne, shi ya rubuta shi da hannunsa. Idan ka aika, kuɗinka ka aika. Kada ka dogara ga saƙo. Duba abin da ke cikin asusunka da kanka.

3. Ma'aikacin ƙarya. Wani ya kira ya ce daga kamfani yake, za a rufe layinka in ba ka faɗi lambar sirri ba, ko lambar da aka aiko maka yanzu. Ma'aikacin gaskiya ba ya tambayar lambar sirri. Wani kuma zai ce ka danna tauraro da wasu lambobi da zai karanto maka. Da hannunka kake aika masa kuɗi ba ka sani ba.

4. Sunan tallafi. Za a ce an sa sunanka cikin masu samun agaji, ka biya kuɗin rajista. Wannan ya fi yawa lokacin da abinci ya yi wuya. Ƙungiyar agaji ta gaskiya ba ta karɓar kuɗi don ta rubuta sunan mabuƙaci. Tambayi maigari ko ma'aikatar magajin gari.

5. Kira sau ɗaya. Lambar ƙasar waje ta kira ta yanke, don ka mayar da kira. Lambar mai tsada ce, kowane minti ana cin kuɗinka, kuma ɓarawon yana da kaso. Ana kiran wannan dabara wangiri, kalma ce ta harshen Japan. Ka riƙe lambobin ƙasashen da kake da dangi: Nijar 227, Nijeriya 234, Benin 229, Gana 233, Kodebuwa 225, Burkina Faso 226, Mali 223, Cadi 235, Aljeriya 213, Libiya 218. Idan lambar ba ta cikin waɗanda ka sani, bar ta. Mai nemanka da gaske zai sake kira.

Dukkan dabarun nan abu uku suke taɓawa a zuciyar mutum: kwaɗayi, tsoro, da tausayi. Kuma dukkansu suna son ka yi sauri. Duk wanda ya hana ka lokacin yin shawara, to akwai abin da yake ɓoyewa.

Kalmomin da ya kamata ka gane

Rubuta waɗannan kalmomin Faransanci cikin kayenka, ka riƙa gwada su da abin da ke shigowa wayarka. Félicitations: barka, ko murna. Gagné: ka ci. Gratuit: kyauta. Abonnement: rajista mai ci gaba. Renouvellement: sabuntawa. Par jour: kowace rana. Code secret: lambar sirri. Annuler: sokewa. Solde: abin da ya rage maka. Idan ka ga abonnement tare da par jour a saƙo ɗaya, to ana shirin cire maka kuɗi kullum.

Idan an riga an cire fa?

Na farko, kada ka goge saƙon. Shi ne shaidarka.

Na biyu, yi kwana uku kana rubuta abin da ya rage maka da dare da kuma da safe, tare da kwanan wata. Da wannan za ka san nawa ake cirewa.

Na uku, kira lambar masu kula da abokan ciniki, ko ka je ofishin kamfanin da katinka na ɗan ƙasa. Ka yi tambaya uku: waɗanne rajistoci ne ke kan layina? Yaushe aka sa su? Ina so a cire su duka yanzu. Ka nemi a aiko maka saƙon shaida cewa an soke. Ka kuma nemi a mayar maka da kuɗin idan ba kai ka nemi hidimar ba. Ba kullum ake samu ba, amma haƙƙinka ne ka nema.

Na huɗu, idan ka faɗi ma wani lambar sirrinka, canza ta nan take. Kada ka sa shekarar haihuwarka ko 1234. Idan layinka ya mutu haka kawai alhali na maƙwabta suna aiki, garzaya ofishin kamfani, domin mai yiwuwa wani ya karɓi sabon layi da lambarka.

Na biyar, idan zamba ce, sanar da kamfanin da gaggawa, tun kafin ɓarawon ya fitar da kuɗin, sannan ka kai ƙara wurin ƴan sanda ko jandarmomi, da lambar da saƙon. Doka mai lamba 2019-33 ta ranar 3 ga Yuli 2019 ta tanadi hukunci ga masu zamba ta hanyar na'urorin sadarwa. Amma in gaya maka gaskiya: kuɗin da mutum ya aika da hannunsa, aka fitar da su, da wuya su dawo. Rigakafi ya fi magani.

Na shida, idan kamfani bai saurare ka ba, akwai hukumar ARCEP da ke Yamai, wadda aka kafa a 2018. Aikinta ne sa ido kan kamfanonin sadarwa da kare haƙƙin masu amfani da waya. Ƙarar mutum ɗaya tana da rauni. Amma idan ɗaliban cibiya guda suka haɗu, malaminsu ya taimaka suka rubuta takarda ɗaya da lambobinsu da kwanakin da aka cire kuɗin, maganar za ta yi nauyi.

Nauyin wa ne?

Ba daidai ba ne a ɗora ma talaka laifin duka. Kamfani yana da kaso cikin kuɗin hidimomin da ake sayarwa ta layinsa, don haka nauyinsa ne ya tabbatar mutum ya yarda da saninsa. Abin da ya dace shi ne a tambayi mutum sau biyu kafin a sa shi cikin rajista, a faɗi farashin a fili, a yi bayanin da Hausa da Zabarmanci da sauran harsunanmu, har da murya ga wanda bai iya karatu ba, kuma fita ta zama da sauƙi kamar shiga. Nauyin hukuma ne ta tilasta hakan. An wajabta rajistar layukan waya da sunan mai su, har aka rufe layuka masu yawa a 2013, amma ɓarawo na iya aiki da layin da aka yi ma rajista da katin wani. Saboda haka kada ka ara ma kowa katinka ya sayi layi da shi.

Namu nauyin kuma shi ne karatu. A shekarun 2009 da 2010 an yi wani shiri mai suna ABC a jihohin Doso da Damagaram, inda ƙungiyar CRS ta koyar da manya karatu da lissafi tare da wayar salula. Binciken da aka yi ya nuna ɗaliban da suka yi aiki da waya sun fi sauran samun sakamako mai kyau. Ke nan wayar da ake cutar ka da ita, ita ce kuma allon da za ka ƙara ilimi da shi.

Wanda bai iya karanta saƙonsa ba, dole ya miƙa wayarsa ga wani: yaro a kasuwa, ko mai cajin waya, ko mai shagon aika kuɗi. Yawancinsu mutanen kirki ne, amma sirrin da ya shiga hannu uku ya daina zama sirri. Kafin ka ƙware, zaɓi mutum ɗaya amintacce ya riƙa karanta maka, lambar sirri kuwa kai kaɗai za ka danna.

Aikin wannan mako

Buɗe saƙonnin wayarka, ka nemi kalmar abonnement. Rubuta abin da ya rage maka yau da dare, ka sake dubawa gobe da safe. Ka kawo abin da ka samu aji, a karanta tare. Sannan ka gaya ma mutum biyu a gidanku abin da ka koya, musamman tsofaffi, domin su ake fi kira da sunan ɗansu da ke ci-rani.