Uwargida, Kada Esin Motarku Ya Yi Barcin Hunturu

Na san tun da hazo ya sauka an kashe esin mota a gidaje da yawa, ba kuma mai sake taɓa shi sai Maris ya kama, rana ta fara dukan rufin mota kamar da gayya. Ran nan za a kunna ya huro iska mai ɗumi da warin tsohon buhu, maigida ya ce ai gas ne ya ƙare. Alhali tun a Disamba da Janairu aka yi ɓarnar, lokacin da kowa ke ganin hutu aka ba shi.

Gas ɗin da ke cikin esi ba shi kaɗai yake zagayawa ba, tare yake tafiya da wani mai na musamman. Man nan shi ke shafe kwamfiresa, shi ke kuma jiƙa ƙananan robobin da ke toshe mahaɗar bututai. In aka yi wata biyu ko uku ba a kunna ba, sai man ya kwanta wuri ɗaya, robobin su bushe, gas ya riƙa sulalewa ba ƙara ba wari. Ke da kike bin ƙafafun yara da man kaɗanya kowace safiya don gudun faso, ba sai an yi miki dogon bayani ba. Abin da ake buƙata shi ne a kunna shi minti 10 zuwa 15 sau ɗaya a mako. Ku zaɓi tsakar rana in sanyi ya ɗan saki, ko ranar da za a fita ba yara. Na san tun da aka cire tallafin mai a 2023 kowa lissafin lita yake yi, amma ki tambayi kuɗin kwamfiresa ko da ta hannu ce, ki auna da fetur ɗin minti goma.

Sai ƙura, wadda ita ce ta fi damuna, domin ita ƙirjin yaranki take taɓawa. Duk wadda ke zirga-zirga tsakanin Danwarai, Jega da Maiyama a wannan lokaci, ko ta taɓa bin bayan babbar motar albasa a hanyar Aliero, ta san yadda jar ƙasa ke kwanciya a gira da mayafi. Galibin motocin yanzu suna da wata matata da ke tace iska kafin ta shigo ciki, a mafi yawansu tana bayan ɗan akwatin da ke gaban kujerar mai zaman banza. Masu ƙera mota kan ce a canza ta kamar sau ɗaya a shekara, amma ba da hunturunmu suka yi wannan lissafi ba. Ki sa a zaro ta ki gani da idonki. In ta koma kalar bulo, kakkaɓewa ba za ta yi ba, sabuwa za a saya. Wani lokaci ma za a tarar gurbin wayam, wani bakanike ya cire ta tuntuni don iska ta ƙara ƙarfi. To ki sani duk ƙurar titi kai tsaye take zuwa hancin jaririn da ke cinyarki, balle in akwai mai asma a gidan.

A gaban lagireto kuma akwai wani faranti mai siraran haƙora da ake kira kwandensa. In ƙura da ƙaiƙayi suka toshe shi, sanyi ya ragu, injin ma ya wahala. A wanke shi da ruwa a hankali, ki ja kunnen yaran wankin mota kada su matsa masa ruwa mai ƙarfi, haƙoran lanƙwashewa suke yi.

In kin ji mai gyara ya ce “gas ya ƙare, a ƙara”, ki ce wa maigida ya tambaye shi ta ina ya fita. Gas ɗin esi ba fetur ba ne da ake ƙonawa, a rufe yake zagayawa. In ya ragu sosai, akwai inda yake yoyo, kuma wanda ya ɗura bai toshe ba, kuɗinku ya zuba wa iska. A duba 'yar takardar da ke manne a ƙarƙashin bonet, ita ke faɗin irin gas ɗin motar. Yawancin motocin da muke hawa R134a suke sha. Kada a yarda da na firji mai araha, wasunsu wuta suke kamawa kamar gas ɗin girki.

Ba cewa nake ki ƙure sanyi da yara a ciki ba. Esi tsotse danshin iska yake yi, ga iskar hunturu dama a bushe take, sai a ƙara wa yaro fashewar leɓe da haɓo. In ƙura ta turnuƙe, ki rufe gilasai, ki danna maɓallin nan mai hoton mota da kibiya a lanƙwashe, wanda ke juya iskar ciki, a bar fanka a ƙasa-ƙasa. Da an wuce ƙurar a sake shi sabuwar iska ta shigo, domin in aka daɗe a haka, musamman mota cike da mutane, direba kan fara jin barci.

Da asubar sanyi kuma, in ana ɗuma injin, a fito da motar fili tukuna kafin yara su shiga. Hayaƙin salansa yana ɗauke da wata guba marar wari da ke kisa a rufaffen gareji, kuma rufe gilashi ba ya hana ta shiga.