Mai wankin ƙoda, a lura da zuciyarsa da tukunyarsa

Duk wanda ya daɗe cikin kasuwa ya ga ranar da aka zagaya rumfa-rumfa ana haɗa ma wani ɗan uwa kuɗin wankin ƙoda, wanda likitoci ke kira diyaliz. Mai jaka ya ba da jaka, mai dala ashirin ya ba da tasa. A kai maras lafiya asibitin Lamorde a Yamai ko babban asibitin Damagaram, a ɗora shi ga inji, kowa ya ce alhamdu lillahi. Bayan ƴan watanni sai a kawo mana sanarwar rasuwa gidan rediyo, dangi na cewa ai lafiya lau ya kwanta.

Rai na Allah ne, babu gardama. Amma ni ina ganin mun zuba ido ga ƙoda mun manta da zuciya, alhali ciwon zuciya da na hanyoyin jini shi ne kan gaba wajen kashe masu diyaliz.

Ga yadda abin yake. Zuciya tsoka ce, aikinta tura jini. In ƙoda ta daina aiki, gishiri da ruwa su taru cikin jiki, tansiyo ta hau, jini kuma ya ragu domin ƙoda ce ke fitar da sinadarin da ke sa jiki ya yi sabon jini. Sai zuciya ta zama kamar mai amalanke da aka ninka ma kaya, ga hawa, ga yunwa. Bangonta na hagu ya yi kauri. Wani zai ce ai kauri ƙarfi ne. A'a. Salkar da ta bushe ta yi tauri ba ta cika da ruwa yadda ya kamata. Haka zuciya mai kauri: ba ta buɗewa sosai ta karɓi jini, ruwa ya koma huhu, kuma bugunta na iya rikicewa ta tsaya farat ɗaya.

A shekarar 1995 likitoci a Kanada sun duba zuciyar mutane 433 da suka fara diyaliz, suka tarar kusan 74 cikin 100 nasu bangon ya riga ya yi kauri. Ke nan ɓarnar na farawa tun kafin a kai ga inji, cikin shekarun da mutum ke yawo da tansiyo ko ciwon suga bai auna ba, ko ya sha magani sati biyu ya ajiye don kai ya daina ciwo.

Injin da muke ta nema yana wanke jini ne kamar awa 4, sau 3 a mako in an samu yadda ake so. Sauran lokacin maras lafiya yana hannunmu a gida. A nan ne nake kira gare ku, iyayena mata, domin ludayi na hannunku. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ko mai lafiya kada ya kai giram 5 na gishiri a yini, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ba. Ku lissafa abin da ke shiga miya guda: gishiri, dunƙule biyu ko uku wanda kusan rabinsa gishiri ne, ga kanwa. Ga kilishi da yajin tsire da masu zuwa dubiya ke kawowa don ƙauna. Gishiri na kawo ƙishirwa, ƙishirwa na kawo shan ruwa, ruwan kuma ba shi da hanyar fita sai ranar inji. A raba masa tukunyarsa, a nemi ɗanɗano ga albasa, tafarnuwa da citta.

Ku kuma alhazai, kun fi kowa sanin sikeli. Ku saya masa na auna mutum, ya hau kowace safiya a rubuta. Kilo ɗaya da ya ƙaru dare ɗaya, litar ruwa ɗaya ce zuciya ke ɗauke da ita. Kuma kada a ce yau ranar kasuwa ce, ko kuɗin mota bai haɗu ba, a tsallake wanki ɗaya. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2011 ya nuna masu zuwa sau 3 a mako sun fi mutuwa a ranar da ta biyo bayan doguwar tazarar ƙarshen mako. To, ina ga wanda ya yi fashi da gangan?

Na san wasu za su ce mutum na fama da ciwo, a bar shi ya ci abin da ransa ke so. Tausayi ne, amma tausayin da zai sa ya kwana zaune yana haki bai taimake shi ba.

In kun raka shi asibiti, ku tambayi likita kai tsaye: an yi masa ekografi na zuciya? Nawa ne nauyin da ya kamata ya tsaya a kai? Ruwa nawa zai sha a yini? In ƙafa ta kumbura ko numfashi ya yi wuya in ya kwanta, kada a jira ranar layinsa. Mu kuma da ke ganin muna lafiya, mu tsaya a auna mana tansiyo, ko a likitar unguwa ce.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya sa albarka cikin nemanku.